Alkunya a Cikin Waya

Duk Masama an san Hajjo da baki. In ta zauna gindin darbejiyar bakin kasuwa da ƙwaryar nononta, ba mai wucewa bai sha tsiya ba, tun daga direban da ke lodin albasa har ladanin unguwa. Amma akwai kalma guda da bakin nan bai taɓa furtawa ba, ita ce sunan ɗiyarta ta fari.

Sunan yarinyar Rumaisa. Mu dai mun faɗa, tun da ba mu muka haife ta ba. Hajjo kuwa "ta Kalgo" take ce mata, in magana ta matse ta ce "waccan". Haka ta taras ana yi a gidansu da gidan mijinta Malam Garba, Fulanin da suka daɗe da zama suna noman gero suna kiwon 'yan shanunsu a bayan gari. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa, ko kuka yake a gaban mutane sai dai wata ta ɗauke shi. Ana yaye Rumaisa, Gwaggo Kulu, yayar Malam Garba, ta zo daga Kalgo ta goya ta ta tafi da ita. Can ta girma, can ta yi boko, har ta zama malamar firamare. In ta zo Masama da salla "Adda" take ce wa Hajjo, wato yaya da Fillanci, su gaisa kowa na kallon wani wuri kamar surukai.

Kada wani ya ce babu ƙauna. Wallahi akwai ta, har ta yi yawa. Man shanun da ya fi kowane kyau Kalgo yake tafiya, a ce "a kai wa Yaya Kulu", alhali kowa ya san likita ya hana Kulu cin maiƙo tun tuni.

To, bara sai Rumaisa ta aiko wa Hajjo da babbar waya, irin mai shafawa, ita ma ta hannun Gwaggo Kulu ta biyo. Ta kuma sa lambar a wani guruf na Watsaf da ta buɗe wa matan aure waɗanda ba su samu shiga makaranta ba, ta raɗa masa suna Ajin Tsakar Gida. Kullum in yara sun fita tara, sai ta ɗauki hannunta a bidiyo yana rubutu a kan allo, tana faɗa a hankali: ba, be, bi, bo, bu. Mata su kwaikwaya a takarda su ɗauki hoto su turo, ta gyara wa kowace da saƙon murya. Tun ana matan Kalgo kaɗai, har na Diggi suka shigo, na Ceberu suka biyo, na Masama ma ba a bar su a baya ba. Wata ta ce yanzu tana gane sunan maganin ɗanta a jikin kwalba. Wata ta ce ta duba littafin yaronta ta kama shi bai yi aikin gida ba, shi da ya saba ce mata ya gama. Ranar an sha dariya a guruf.

Hajjo ba ta taɓa cewa uffan a ciki ba. Ta yi magana a ajin ɗiyar fari? Allah ya kiyaye! Amma fa ba ta fita ba. In ta gama tatsa ta kaɗa nono, sai ta zame ta bayan rumbu, ta kifa turmi ta zauna, ta rage muryar wayar ƙasa-ƙasa tana kallon hannun nan yana tafiya a kan allo. Dogayen yatsu ne irin na mahaifiyar Hajjo marigayiya. Ba ta da takarda, ba ta kuma so a ga ta saya, sai ta riƙa rubutu a ƙasa da tsinke, in ta ji motsi ta share da ƙafa. Ranar da Malama ta ce kowace ta rubuta sunan wani nata, mata suka yi ta turo sunayen 'yan autansu. Hajjo ta zana Rumaisa a ƙasa, harafi bayan harafi, ta daɗe tana kallo kafin ta share. Ta ce a ranta, ai rubutu ba kira ba ne.

Ana nan ana nan sai masifa ta shigo ta inda ba a zata ba. Akwai wata amarya a Ceberu mai suna Mufida, yarinya mai ɗoki. Da ta ga ta iya haɗa layi guda, sai ta ɗauki kanta a bidiyo da fuskarta, tana karantawa tana tuntuɓe, tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Mata suka yi ta yi mata barka. Ba a jima ba bidiyon ya ɓulla a Tiktok, an ɗora masa kiɗa da wata dariyar shaƙiyanci, samari na tura wa juna. Mijinta Shamsuddeen ya gan shi a wayar wani a teburin mai shayi, a gaban abokansa. Ya tashi ko shayin bai ƙarasa ba, ya je gida ya karɓe wayarta.

Daga nan sai magana ta tashi wai Malamar ce ke sayar da bidiyon matan mutane ga 'yan birni don ta tara mabiya. Wa ya gani? Ba kowa. Wa ya fara faɗa? Oho. "An ce" ne kawai, ita kuwa waya ba ta tambayar wa ya ce, turawa kawai take yi. Maza suka fara hana matansu. Rumaisa ta yi bayani a guruf, ta rantse ba ita ta fitar ba, wasu suka yarda, wasu suka yi shiru.

Ana cikin haka aka yi suna a cikin garin Gwandu, a gidan dangin Malam Garba. Hajjo ta je, tsakar gida cike da surukai da tsofaffi. Maƙwabciyarta Ladi ma ta je, macen da in ba ta ɗaga waya ba ba ta yarda ta halarci biki. Tana ɗaukar hayaniyar wurin a saƙon murya za ta tura wa ƙanwarta da ke Diggi, sai ta juyo ta ce, "Af, Hajjo, kin ji abin da ake faɗi kan ɗiyarki Malama?"

Zuciyar Hajjo kamar an watsa mata ruwan zafi. Da su biyu ne da Ladi ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Amma ga yayyen miji, ga tsofaffi duk sun zuba mata ido. Sai ta yi abin da uwarta ta yi, abin da kakarta ta yi. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai da ɗan murmushi, ta ce, "Wace ɗiya? Ni ba ni da ɗiya a Kalgo. Ba ruwana da ita, ku tambayi masu ita."

Tsofaffi suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Kai, Bafillatana da alkunya!" Kowa a gidan nan ya gane abin da ake nufi. A wurinsu ma yabo ne, Hajjo ta nuna ita 'yar gidan mutunci ce. Aka ci tuwo aka watse.

Sai dai waya ba ta ɗauki murmushin ba, ba ta ɗauki mayafin ba. Dariyar tsofaffin da ta ɗauka kuwa, wani mara tsoron Allah a can gaba ya yanke ta ya jefar, ya bar maganar tsirara, ya sa tasa muryar a farko: "Jama'a ku saurara, ga uwar da ta haife ta ma ta sallama ta."

A kasuwa Hajjo ta ji. Tana auna wa wata nono sai ta ji muryarta na fitowa daga wayar direban albasa, mutane sun kewaye shi. "Ni ba ni da ɗiya a Kalgo. Ba ruwana da ita." Ludayi ya suɓuce daga hannunta. Muryarta ce, ba ta da ta cewa, amma wata irin busasshiyar murya ce da ita kanta ba ta sani ba, irin ta macen da ta haƙura da ɗanta. Ranar bakin Hajjo ya mutu. Ta rufe ƙwarya da faifai ta tashi da sauran nononta.

Gidan Ladi ta fara biyawa. Ladi ta dafe ƙirji tana rantse-rantse, ita ƙanwarta kawai ta tura wa, ƙanwar kuma ƙawarta kawai ta tura wa.

Hajjo ta ce, "Ita ƙawar kuma fa? Aljanu ta tura wa?"

"Wallahi Hajjo ban yi da nufi ba."

"Na sani. Da da nufi kika yi ma da ya fi mini sauƙi, in san da wa zan yi."

Ta koma gida ta zauna bayan rumbu. Karatun nata bai kai ga Turancin waya ba, amma ta riga ta gane ɗan siririn layin da ke fitowa in mace ta fita daga guruf. Ranar layukan suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka tsaya wa Malama da farko ma yanzu sun ja da baya. Uwar da ta haifa ta ce ba ruwanta, su wa?

Can da la'asar saƙon Rumaisa ya shigo, muryarta a dushe. Ta ce, "'Yan'uwa, na gode da zaman da muka yi. Allah ya sani ban fitar da bidiyon kowa ba. Amma ba zan so in zama sanadin ɓacin rai tsakanin wata da mijinta ba. In Allah ya kai mu Juma'a zan rufe ajin. Wadda ta fara karatu, don Allah kada ta bari."

Hajjo ta saurara har ƙarshe, ta sake saurara. Ba a ambaci maganarta ba ko da kalma guda, wannan kuwa ya fi komai ci mata rai. Ta yi kuka a bayan rumbun nan, kuka sosai, tana toshe baki da zane kada kaji ma su ji.

Da Malam Garba ya dawo daga wurin shanu ta kai masa ruwa ta tsuguna. Shi ma ɗiyar farinsa ce, shi ma bakinsa a ɗaure yake. Ta ce, "Malam, ka ji abin da ke yawo?"

Ya ce, "Na ji." Ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon cikin kwanon. Can ya ce, "Ba wani man shanu da za a kai wa Yaya Kulu?"

"Akwai."

"To ki kai da kanki. In kai ki tasha da safe."

Washegari Alhamis ya ɗauke ta a babur har tashar Gwandu. Ta shiga motar Birnin Kebbi, daga can ta sake wata zuwa Kalgo, kwanon man shanu a cinyarta. Duk hanya tana shirya abin da za ta ce wa Kulu: ke kika raine ta, ke za ki fito ki wanke ta. A ganinta magana ta ƙare ke nan.

Gwaggo Kulu na tsakar gida tana tsince shinkafa. Tsohuwa ce mai jiki, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ko gaisuwa ba ta bari an gama ba ta ce, "Ajiye man nan, na san ba don ni aka kawo ba. Hajjo, mi ya kai bakinki?"

"Yaya, alkunya ce na yi. Kowa a wurin ya sani."

"Awo, kowa a wurin. To maganar ta tsaya a wurin? Tana Diggi, tana Ceberu, jiya har daga Jega aka kira ni ana mini jaje."

"Shi ya sa na zo. Ki yi musu magana, ke ce uwarta."

Kulu ta ture faifan shinkafa gefe. "Kina tsammanin zaune nake? Na yi magana har muryata ta dushe. Suka ce ai ni na goya ta, dole in kare ta. Muryarki ce ta yi ɓarnar nan, Hajjo, ba tawa ba."

Kafin Hajjo ta ba da amsa aka yi sallama. Rumaisa ce ta dawo daga makaranta, farin hijabi, jaka a kafaɗa, duk ta rame idanu sun faɗa. Ta yi turus da ta ga baƙuwa, sannan ta durƙusa daga nesa ta ce, "Adda, sannu da zuwa. Ya hanya?"

Hajjo ta amsa tana kallon tukunyar ruwa. "Lafiya lau."

Rumaisa ta zauna a dokin ƙofar ɗakinta. Kulu ta dube ta ta ce, "Ga ta nan ta zo. In kina da magana ki yi."

Rumaisa ba ta dubi Hajjo ba, Kulu ta fuskanta, kamar yadda suka saba, magana sai ta bi ta kan Gwaggo. Ta ce, "Gwaggo, ki ce mata kada ta damu. Na san alkunya ce, ai ni ma a cikinta na tashi." Ta shiga murza bakin hijabi. "Da na fara jin saƙon ma dariya na yi, na ce Adda ke nan. Sai na sake saurara. Na yi ta saurara, Gwaggo, ban san me ya sa ba. Tun ina jin alkunya a ciki har na daina ji. Sai kawai in ji mace ta ce ba ta da ɗiya a Kalgo. Kuma da na duba, ban taɓa jin ta faɗi akasin haka ba, ko sau ɗaya, balle in ce ga wanda zan riƙe."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Hajjo kuwa sai ta tsura wa kwanon man shanun ido. Shekara da shekaru tana aiko da man shanu, ta ɗauka saƙon yana isa.

Kulu ta share ido da bayan hannu, ta ce cikin faɗa, "Ke kuma da kike laɓewa bayan rumbu, kin ɗauka ba a san kina ajin ba? Wayar tana nuna mata wa ya buɗe darasi. Kullum ke ce ta farko. Sai ta zo ta nuna mini, ta ce Gwaggo duba, Adda ta riga kowa."

Kunya ta kama Hajjo kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe duk sanɗar nan da take yi a fili take yin ta! Ta ja mayafi, ta ce da ƙaramar murya, "To tun da an sani, ai na iya rubutu. Sai in rubuta musu. In rubuta sunan ma."

Kulu ta ce, "Ki rubuta wa wa? Rabin matan ba su kai can ba. Mazan kuwa cewa za su yi Malama ce ta karɓi wayar ta rubuta da kanta. Da kunne suka ji waccan, da kunne za su ji wagga."

Hajjo ta kwance bakin zane ta fito da wayar. Ta tuna uwarta, wadda har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan ɗanta na fari, yayan Hajjo, a bakinta ba. Ta tuna tsofaffin Gwandu da suka yaba mata shekaranjiya, gobe su ne za su riƙe haɓa su ce Hajjo ta zubar da girma. Sannan ta saci kallon yatsun da ke murza bakin hijabi a dokin ƙofa, yatsun da suka koya mata ba, be, bi.

Ta juya musu baya ta fuskanci bango. Ta buɗe guruf ɗin, ta danne ɗan maɓallin da ta sha ganin Ladi na dannewa.

"Salamu alaikum. Ni ce Hajjo matar Malam Garba, mai nono ta Masama. Muryar da kuka ji tana yawo tawa ce, ban musa ba. A gidan suna na faɗa, gaban surukaina, fuskata a rufe. Duk wadda ta haifi ɗan fari a ƙasar nan ta san irin wagga magana. An yanke dariyar da aka yi a wurin, aka kawo muku saura. Wanda ya yanke, shi da Allah."

Ta tsaya. Bakin nan da ba ya gajiya a kasuwa ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ta buɗe shi, "ta Kalgo" ce ta zo kan harshe, ta haɗiye ta. Wayar na ta ɗaukar shirun, ita kuma ba ta saki maɓallin ba.

"Ni ma ina cikin ajin nan tun farko. Ban taɓa magana ba, amma ba darasin da ya wuce ni. Da tsufana na koyi rubutu a hannunta. Ba ta sayar da hoton kowa ba, ba halinta ba ne, ba halin gidanmu ba ne." Ta ja numfashi. "Rumaisa ɗiyata ce. Ni na haife ta, ina da ruwa da ita, kuma ina alfahari da ita. Rumaisa. Ga shi na faɗa, kowa ya ji. Ku tura wannan ma kamar yadda kuka tura waccan."

Ta saki maɓallin. Ba ta juyo ba. Ta ji an tashi daga dokin ƙofa da sauri an shige ɗaki an saki labule. Kulu ta jawo faifanta ta ci gaba da tsince shinkafar da ta riga ta gama tsincewa, tana jan hanci tana cewa hayaƙin maƙwabta ya dame ta.

Ba a daɗe ba wayar ta fara ƙara. Wata dattijuwa daga Diggi ce ta fara: "La'ilaha illallahu! Hajjo ta kira sunan ɗiyar fari! Jama'a, uwa ba ta yin haka a kan ƙarya." Wata ta turo kuka kawai. Wata daga Masama ta ce, "Hajjo, ashe ke ma 'yar aji ce kika ƙyale mu muna ta kunya mu kaɗai?" Ladi kuwa, wadda turawa ce sana'arta, ranar ta yi aikin lada, ba guruf ɗin da ba ta jefa saƙon ba, har na masu sayar da atamfa.

Bayan magariba saƙo ya shigo daga lambar Mufida, amaryar Ceberu, amma muryar namiji ce. Shamsuddeen ne. Ya ce ya ji maganar Inna Hajjo a teburin mai shayi, ya zo gida ya kunna wa matarsa, sai ta fashe da kuka ta gaya masa gaskiya. Ita ce da kanta ta tura bidiyon ga ƙanenta da ke karatu a Birnin Kebbi don ya ga ta iya, shi kuma don murna ya ɗora a inda abokansa ke gani, daga nan ya fita hannunsu. Tsoro ne ya hana ta faɗa. Ya ce, "Malama, ki yafe mana. Na mayar mata da wayarta." Daga bayansa ana jin Mufida na cewa a yafe mata ita ma.

Ba kowa ya dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai mazan da suka ce sun gama da harkar waya, akwai kuma waɗanda saƙon farko ya isa gare su na biyun bai isa ba har yau. A Gwandu ma an samu tsofaffin da suka riƙe haɓa, kamar yadda Hajjo ta zata. Amma da safiyar Juma'a, maimakon rufe aji, Rumaisa ta tura sabuwar doka: daga yau hannu da takarda kawai za a ɗauka, ban da fuska, kuma abin da aka turo aji a aji zai tsaya. Ta ce darasin ranar ma ba na haruffa ba ne, za su zauna su yi magana a kan abin da ya kamata mace ta tambayi kanta kafin ta tura saƙon da aka turo mata.

Hajjo ta kwana a ɗakin Kulu. Tun da ta yi maganar ba su haɗa ido da ɗiyarta ba, da safe ma gaisuwar da aka saba aka yi, "Adda, ina kwana," kowa na kallon gefe. Ta yi shirin komawa, Kulu ta cika mata kwanon man shanun da busasshen kifi. Ta zo bakin zaure tana sa takalmi ke nan sai ta ji magana ƙasa-ƙasa daga ɗakin Rumaisa. Ta kasa kunne. Muryarta ce ita Hajjo, tana fitowa daga waya.

"Rumaisa ɗiyata ce. Ni na haife ta."

Aka tsayar, aka mayar baya.

"Rumaisa ɗiyata ce. Ni na haife ta."

Kulu ta taɓe baki ta ce, "Tun asuba ake wannan. Yarinyar nan za ta makara makaranta. Bari in yi mata magana."

Hajjo ta riƙe mata hannu. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ƙyale ta, Yaya. Ta daɗe tana jira."